Kunyoyin Shaida

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Ƙofa ta nufi Kusada ya san gonar Ɗalha, ko da bai san mai ita ba. Tana hannun dama in ka baro gari, doguwa ce, ta faro daga bakin hanya ta gangara har wani ɗan kwari inda ruwa kan kwanta. Shekaru da dama masu tafiya kasuwa kan sassauta babur su dube ta, domin tsakanin kunya da kunya ba ka ganin haki ko na rantsuwa. Daga nan aka laƙaba masa Ɗalha Ba-haki. Sunan ya bi shi har ƙofar masallaci, shi kuwa bai taɓa nuna ba ya so ba.

Ɗan malami ne. Mahaifinsa, Malam Abdullatif, yana da makarantar allo a zaurensa. Da safe ya tafi gona, da yamma ya ba da karatu, in kuma mutane sun sami saɓani kan iyakar gona ko akuyar da ta yi ɓarna, gabansa suke fara zuwa kafin magana ta kai gidan mai gari. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu, Ɗalha da ƙanensa Yakubu. Yakubu mai saurin ɗauka ne, ga baki. Ɗalha kuwa allo bai zauna masa sosai ba. Ya sami abin da zai yi salla da shi, ya san halal da haram, sai wata rana Malam ya dube shi ya ce ya ga alama alƙalaminsa hauya ce. Bai ji haushi ba. Dama abin da ya fi so a zauren ba karatun ba ne, zaman sulhun ne. Sai ya raɓe gefe yana sauraron yadda Malam ke rarrabe wanda ya gani da idonsa da wanda aka ba labari.

Ya taɓa gwada cin rani a Kudu, ya yi dako ya yi ga-ruwa, ya dawo tun kafin ruwan shuka da ciwon baya da kewar gida, bai sake marmarin zuwa ba. Ya auri Zuhura, 'yar Tafashiya, mace mai yawan dariya da ƙarancin ɓoye magana. Da Malam ya rasu ba a raba gonar ba. Yakubu ya riga ya zauna a Kano yana sayar da kayan gyaran mota, ya ce Yaya ya ci gaba da nomawa, in kaka ta yi a aika masa abin tuwo. Haka aka yi ta yi cikin rufin asiri, har yara suka tasa.

Sai ƙuduji ya shigo. Wanda bai yi noma ba zai ga 'yar ciyawa ce mai fure shunayya, kyakkyawa a ido. Manomi kuwa ya san ba ta ci da kanta. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take laƙewa a saiwar dawa tana tsotse abincinta, kafin ta leƙo waje ta gama ɓarna. Ɗalha ya cire, ya ƙona, ya sake cirewa. Ya canza iri daga farfara zuwa kaura, ya zuba duk takin da awakin Zuhura suka tara. Gonar tana nan fes kamar kullum, amma dawa ta ƙi wuce ƙugu, zangarniya kamar yatsa. Rumbun da ke kai su har sabuwar kaka ya koma ƙarewa tun sanyi bai wuce ba. Abin tuwon Kano ya ragu, ya ragu, daga baya ya daina zuwa.

Da babbar salla Yakubu ya zo gida. Bayan an ci nama ya ja yayansa zaure ya ce akwai wani mai buga bulo da ke neman fili a bakin hanya, yana son gonar duka, zai ɗebi yashi a kwarin ya kafa injinsa a sama. Ya ce shi ba faɗa ya zo yi ba, amma gadon nasu ne su biyu, kuma ƙasar da ta mutu ba a zama gadinta. Ɗalha ya san gaskiyar Yakubu ce a shari'a, ya kuma san ba shi da abin da zai sayi rabon ƙanensa. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya roƙi damina ɗaya tak. In kaka ta zo gonar ba ta tashi ba, da kansa zai sa hannu. Yakubu ya amince, ba don ya yi zaton wani abu zai canza ba, sai don bai iya ce wa yayansa a'a a zauren mahaifinsu ba.

Wajen ƙarshen bazara malamin gona na ƙaramar hukuma ya shigo Ƙofa da baƙi cikin farar mota. Shugabarsu mace ce, Dakta Ruqayya, Bakanuwa, malama a sashen nazarin noma na jami'a. Shekaru ta yi ita da ɗalibanta suna auratar da irin dawa da irin dawa, suna neman wanda ƙuduji ba zai iya kama saiwarsa ba. Sun sami wanda ya yi kyau a filin jami'a, amma ta ce filin jami'a ɗan gata ne, tana son ta gan shi a gonar da ta fi kowace lalacewa. Da ta tambayi mutanen da suka taru gindin dalbejiya wace ce, kowa ya ji nauyin faɗa. Ɗanmaliki ne ya buɗe baki. Taubashin Ɗalha ne, ɗan gwaggonsa, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya ce in dai lalacewa ake nema, a bi shi, yau Ba-haki zai ci na ɗaya.

A gonar Dakta ta duƙa ta ɗebi ƙasa a leda, ta yi bayani a tsanake. Za a shuka sabon irin, a riƙa ratsa shi da layin waken suya, domin saiwar waken takan yaudari ƙwayar ƙuduji ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Taki kuwa ba watsawa za a yi ba, cikin marfin kwalba za a riƙa sa wa kowane gindi. Ɗalha ya yi ta gyaɗa kai. Sai ta juya ta nuna sashen da ke bakin hanya.

"Baba, abu ɗaya zan roƙa. Za ka bar mana kunya a nan."

"Wace iri? Mu nan ta gona kuyya muke ce mata. Kunya ta ido ce."

Ta yi dariya ta ce ta gona take nufi. 'Yan kunyoyin farko na bakin hanya, a shuka musu tsohon irinsa, yadda ya saba, ba wake ba taki. Ya yi musu noma kamar sauran, amma in ƙuduji ya fito kada ya taɓa shi, ko a nan ko a cikin sabon irin, sai ta zo ta ƙirga.

"To ai duka biyun ke nan, Dakta," in ji shi. "Kin bar mani kuyya, kin bar mani kunya."

Ya roƙa a mai da su can baya wajen kwari inda ba mai gani. Ta ce kwari ya fi laima, in aka sa su can an yi musu alfarma. Ta ce waɗannan kunyoyin su ne shaida. In babu su, duk abin da sabon irin ya yi sai a ce ruwan bana ne ya yi kyau, ko kuwa ƙuduji ne ya gaji. Wannan kalmar Ɗalha ya santa tun yana yaro. Ya ce in dai shaida ce, to ya ɗauka, kuma ba mai taɓa ta.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ɗalha da Zuhura da yaransu suka bi gindi gindi da marfin kwalba, mutane na wucewa suna tambaya ko magani yake ba dawa. Dakta da ɗalibanta suna zuwa jefi-jefi, su auna tsawon kara, su ɗauki hoto, su sha furar Zuhura su tafi. Bayan maimai, wato noma na biyu, bambanci ya fara bayyana ga wanda ya shiga ciki. Sabon irin ya yi duhu, ganye faffaɗa. Amma wanda ke kan hanya ba ciki yake gani ba, kunyoyin shaida yake gani, su kuwa sun yi rawaya sun tsaya, ƙuduji ya fara leƙowa ta ko'ina kamar an shuka shi.

Ɗanmaliki ya sami abin yi. A majalisa ya ce Ba-haki ya tuba da dawa ya koma noman fure, duk mai bikin da ke son ado ya je ya yi kamu. Wata rana ya ce 'yan jami'a sun ɗauke shi aikin gadin ciyawa, saura a ɗinka masa kaki. Ɗalha yakan rama da abin da ya samu, ya ce gara mai gadin ciyawa da wanda ciyawa ke gadin gonarsa, a yi dariya a tashi. Amma in ya zo wucewa ta bakin hanyar da safe, hannunsa kan kai ga ƙudujin da kansa, sai ya tuna ya janye. Zuhura ta ce har abinci ya rage ci.

Ana cikin haka hanya ta lalace. Mu da muke garin a wannan daminar ba mu cika son tuna ta ba. 'Yan bindiga suka tare mota a wani ƙauye can yamma, suka tafi da mutane, bayan 'yan kwanaki aka ji sun shiga wani. Ba su zo Ƙofa ba, amma labarinsu ya zo, kuma ya zauna. Mata suka daina zuwa itace nesa, masu gonakin daji suka bar su, wasu suka kwashe iyali zuwa Kankia. Har yau in babura suka taho da yawa a tare, sai ka ga hira ta tsaya ana kallon hanya. Jami'a ta hana ma'aikatanta fita ƙauye. Dakta Ruqayya ta kira Ɗalha a waya, muryarta ba daɗi, ta ce ta nemi izini an hana ta, amma tana nan tana nema. Ta roƙe shi ya ƙara haƙuri da ƙudujin, za ta zo ta ƙirga a cire kafin ya zubar da 'ya'ya. Ya ce shi yana nan inda ta bar shi.

Ƙuduji ya yi fure. Bakin hanya ya koma shunayya daga wannan iyaka zuwa waccan. Yanzu magana ta wuce tsokana, domin kowane manomi ya san fure ɗaya in ya nuna, 'ya'yansa sun fi ƙura ƙanƙanta, iska da kofaton dabba su kai su gonar maƙwabci, su kwanta cikin ƙasa shekaru suna jira. Maƙwabta suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, suna cewa masu farar motar nan fa ba za su dawo ba, kowa ta kansa yake yi. Ɗalha ya ce su ba shi 'yan kwanaki. Bai da wata hujja da ta wuce wannan, shi ma kuma tsoron yana cinsa.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti a Kusada aka yi masa allura, ya dawo gida ya kwanta, jiki ba ƙarfi. Wata safiya ya farka ya ji daka a tsakar gida, ba turmi ɗaya ba, ba biyu ba, ga muryoyin mata maƙwabta. Ya kira Zuhura ya tambaye ta ko suna ake yi a gidansa bai sani ba. Ta yi 'yan kame-kame, ta ce an hana ta faɗa, sannan ta faɗa. Ɗanmaliki ne ya kira gayya. Ya bi gida gida ya ce ɗan'uwansa na kwance, gonarsa ta zama abin nuni a bakin hanya, ba za a bar ɗan Malam Abdullatif cikin wannan hali ba. Ya kawo gero daga rumbunsa a dama fura, ya ɗauki ragowar takin zamaninsa a zuba wa kunyoyin da suka yi rawaya. Mutane sun riga sun fita.

Ɗalha ya zura riga a bai-bai. Zuhura na cewa ya tsaya ko ruwa ya sha, ya riga ya kai ƙofa. Ya tari mai babur, suka nufi gona, kansa na juyawa. A hanya yana ta tunanin abin da zai ce. Gayya ba abin da ake mayarwa ba ce. Mutum ya bar gonarsa a irin wannan shekara, ya fito daji don kai, an dama fura, ka zo ka ce ba ka so, to ka zubar da mutuncinsa, kuma ranar da ka nema ba za ka samu ba. In kuwa ya bar su, shaida ta tafi. Kaka za ta zo, ko dawa ta yi kyau Yakubu zai ce sa'a ce, jami'a kuma ba ta da abin da za ta tsaya a kai.

Ya tarar da su sun jeru a kan kunyoyin, manya da samari, har sun fara cira daga gefe ɗaya. Ɗanmaliki na tsaye da buhun taki a kafaɗa yana ba da umarni. Ɗalha ya sauka ya shiga gabansu, ya buɗe hannuwa kamar mai tare awaki. Sai da ya numfasa sannan ya gaishe su, ya yi godiya, ya yi wa iyayensu addu'a. Sannan ya ce don Allah su dakata.

"Kai, koma ka kwanta," in ji Ɗanmaliki. "Zazzaɓin ya hau kai. Wa ya taɓa ganin manomi na tare wa ƙuduji faɗa?"

"Sauke buhun nan, Ɗanmaliki."

"Takin nawa ne, ba rance ba ne."

"Na sani. Amma waɗannan kuyyoyin shaida ne. Kai ka zauna zauren Malam kamar yadda na zauna. In ana gobe za a saurari magana, ka ɗauki goro ka kai wa shaida, mi sunan wannan?"

Wani dattijo daga baya ya ce cin hanci. Aka yi 'yar dariya. Ɗanmaliki ya sauke buhun a hankali, amma bai sauka daga maganarsa ba. Ya ce shaida ko ba shaida ba, furen nan ya kusa nuna, kuma gonarsa ce ke bin iska. Shin Dakta ce za ta zo ta tsince masa 'ya'yan ƙuduji daga ƙasa? Mutane suka ce gaskiya ne. Sai Ɗalha ya ciro waya ya kira ta, ya buɗe murya kowa ya ji, ya gaya mata halin da ake ciki, har da gefen da aka riga aka cire.

Ta tambaya mutum nawa ne a wurin, ya ce gayya ce guda. Sai muryarta ta canza. Ta ce ai abin da ta rasa ke nan, hannuwa. Gefen da aka taɓa a kafa masa kara a ware shi. Sauran kuwa a cire ƙudujin duka yau, amma da sharaɗi: kowa ya riƙa ƙirga abin da ya cira a kunyarsa yana faɗa wa malamin gona, na shaida a tara shi wuri ɗaya, na cikin sabon irin a tara shi daban, kada ko ɗaya ya haɗu, a ɗauka mata hoto kafin a ƙona. Taki kuwa ta roƙi mai shi ya yi haƙuri ya mai da abinsa, Allah ya saka.

Aka aika aka ɗauko malamin gona. Gayya ta rabu biyu. 'Yan bakin hanya suka duƙa, nan da nan tsibi ya fara tashi, suna cira suna ƙirga suna ɓata lissafi suna sakewa. Sauran, har da Ɗanmaliki, suka kutsa cikin sabon irin. Yawancinsu ba su taɓa shiga ba, daga hanya suke yanke hukunci. Dawa ta rufe su, sai motsin kara kake gani. Ɗalha ya zauna gindin wata 'yar bishiyar bedi, jiri na ɗibarsa, yana sauraro. Da fari yana jin surutunsu, daga baya ya ji shiru. Can wani ya ɗaga murya ya ce ya sami ɗaya, aka yi masa barka kamar ya kama zomo.

Da rana ta take suka firfito. Tsibin shaida ya kai ƙirjin mutum. Na sauran gonar, wadda ta ninka kunyoyin shaida sau da yawa, Ɗanmaliki ne ya fito da shi cikin hularsa, bai ma cika ta ba. Ya ajiye hular kusa da tsibin, ya ja da baya. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, mai noma ɗaya, kuma da hannunsu suka cira. Aka kawo fura aka zauna, ido na komawa kan hular. Sai da aka cinna wa tsibin wuta sannan Ɗanmaliki ya matso kusa da Ɗalha, ya yi ƙasa da murya.

"In an yi kaka, ni ne na farko a irin nan."

"Kai da ka ce fure nike nomawa?"

"To ai furen na zo saye."

Kafin kaka hanya ta ɗan lafa. Dakta Ruqayya ta dawo da ɗalibanta da sikeli, ranar da aka yanke dawa. Aka ɗaure dammunan shaida daban, 'yan tsiraru, aka jingine su a bakin hanya. Na sabon irin kuwa sai da aka nemo amalanke. Ta auna, ta sake aunawa, ta zauna kan dami ta rufe fuska da mayafi na ɗan lokaci. Da ta buɗe sai ta zo da wani sabon roƙo: kada a ci wannan dawar. Ba irin da sai an saya duk shekara ba ne, in an shuka 'ya'yansa za su yi kamar uwarsu, don haka kowace ƙwaya iri ce. Zuhura ta ce to su kuma su ci me, hoto? Mutanen gayya ne suka warware wannan. Suka ce duk mai son iri ya kawo dawar ci ya musanya, ya kuma ɗora wani abu a kai. Kafin a gama sussuka labari ya kai ƙauyen Boko ya kai Tafashiya, domin kowane ɗan gayya yana da suruki a wani gari.

Ranar da Yakubu ya iso, tare da mai bulo ya zo, a motar mai bulon, don a gama magana. Suka tarar da babura a bakin gona, mutane da buhunan dawa suna jiran layi, Ɗalha na durƙushe gaban tabarma yana awo. Yakubu ya gaida yayansa, ya dubi tarin, ya ce ma sha Allahu, amma bana ko'ina an sami ruwa, shekara ɗaya ba ta isa a ce ƙasa ta farfaɗo ba. Ɗalha bai yi musu ba. Ya tashi ya kama hannunsa ya kai shi bakin hanya inda dammunan shaida ke jingine, ya zaro zangarniya ɗaya ya sa masa a tafin hannu, ya zaro ta sabon irin ya sa masa a ɗayan. Ya ce duka ruwan bana suka sha.

Yakubu ya daɗe yana jujjuya su. Ya tambaya baɗi fa. Ɗalha ya ce jami'a na son gonar ta zama wurin fitar da iri, za su turo masu duba tsabtarsa, za a kafa ƙungiya da waɗanda suka karɓa, su ma su noma su sayar. Yakubu ya waiwaya ya dubi layin mutanen, irin kallon da ɗan kasuwa ke yi wa hanya mai cinkoso. Mai bulo ya yi gyaran murya ya ce rana na yi. Yakubu ya je ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce Alhaji ya yi haƙuri, an sa shi tafiyar banza, man motarsa na wuyansa. Da motar ta juya ya dawo wurin tabarma.

"Yaya, wa ke yi masu awon nan?"

"Ni mana."

"Shi ya sa. Kana cika tiya har tana zuba. Matsa."

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Ɗalha ya matsa gefe ya zauna kan buhu, yana hamdala a ciki.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ƙungiyar masu iri ta Ƙofa yanzu tana da ɗakin ajiya, kuma buhunanta kan kai kasuwar Kankia da gaba da nan. Waken suyar da aka shigo da shi don yaudarar ƙuduji ya zama sana'ar mata, Zuhura da maƙwabtanta suna yin awara, 'yan makaranta ba sa bari ta huce. Wasu samari da suka gama karatu suka dawo gida suna zaman jiran aiki sun haɗa hannu sun sayi injin sussuka, wasu kuma jami'a ta horar da su duba gonakin iri, suna yawo da babur daga ƙauye zuwa ƙauye, suna dawowa kafin la'asar ta yi sanyi don har yanzu hankali bai gama kwanciya da hanya ba. Ɗalibai kan zo da sababbin tambayoyi, bana kan gero ne. Ɗalha gwiwa ta fara damunsa, ba ya iya wuni a duƙe. Yakubu kan bar shago hannun yaronsa ya zo ya yi wata guda in ruwa ya sauka, ya ce shi ma zai yi huɗa. Kunyarsa karkatacciya ce kamar tafiyar maciji, sai Ɗalha ya bi bayansa da sanda yana nuna masa inda zai gyara, suna musu har su kai kwari.